Rumfar da ake saita waya daidai da hannun mai ita, a Taminus

Idan kana da dattijo ko dattijuwa a gida da aka saya wa babbar waya amma ta zame musu kaya, akwai wata 'yar rumfa a garin Jos, a gefen titin Ahmadu Bello, kafin ka isa Taminus, da nake so ka san da zamanta. Ba ta da allon suna. Laima ce da tebur mai gilashi, da benci ɗaya, da wani matashi da bai fi shekara talatin ba tare da yaron shagonsa. Yana canza sikirin, yana canza bakin caji, kamar sauran masu gyaran da ke jere a layin. Abin da ya raba shi da su, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu, aiki ne da ba ya buƙatar sukurdireba: yana zama da mutum ya saita masa waya daidai da idonsa da yatsunsa da abin da yake yi da ita.

Mahaifina na kai masa. Baba dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa, kuma tun ina ƙarama masu saye daga Fatakwal da Legas suke kiransa. Da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila yake komai. Abin ya sauya ne a farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, kowa ya koma tiransifa. Daga nan kuma masu saye suka fara cewa a turo musu hoton kwando ta WhatsApp kafin su biya. Yayana da ke Abuja ya aiko masa da babbar waya sabuwa dal a kwali. Ta daɗe a aljihun babbar riga ba ta aikin komai, sai in ta yi ƙara ya miƙa wa duk yaron da ke kusa. Mutumin da yake lissafin mota guda ta kaya a ka ba tare da biro ba, shi ne aka fara cewa "ai Baba ba ya gane waya".

Da muka je, mai rumfar bai karɓi wayar ba. Ya gaishe da Baba har da russunawa, ya share masa benci, sannan ya ce, "Baba, don Allah kira mini wani da kake yawan kira, ina so in gani." Ya tsaya yana kallon hannun Baba, ba fuskar wayar ba. Ni ma a wurin na fara lura. Baba yana riƙe waya da hagu, ya damƙe ta gam, tsokar babban yatsansa tana taɓa gefen gilashin, don haka wayar tana jin taɓawa biyu a lokaci ɗaya. Da yatsan dama kuma yana dannawa da ƙarfi, ya daɗe bai ɗaga ba, yadda ya saba da maɓallin roba. Ita kuwa wayar Android, doguwar dannawa wani umarni ne daban a wurinta. Maimakon ta buɗe abin da ya taɓa, sai tambarin ya ɗago ya bi yatsansa, ya koma wani lungu. Shi ya sa kullum yake ƙorafin cewa abubuwa suna yawo a cikin wayar. Gaskiya yake faɗa, suna yawo.

Mai rumfar ya shiga saitin da aka tanada don masu buƙata ta musamman, ya ƙara tsawon lokacin da waya za ta jira kafin ta ɗauki taɓawa a matsayin doguwa. Ya sa mata rigar roba mai tudu a gefe don tafin hannu ya daina taɓa gilashi. Abu biyu ke nan, ko minti biyar ba su ci ba, amma rabin rigimar ta kau.

Sai maganar komawa baya. Tun Android 10, wanda ya fito a 2019, wayoyi da yawa suna zuwa ba tare da maɓallan nan uku na ƙasa ba. Sai ka shafo daga gefe ka koma baya, ka shafo daga ƙasa ka fita. Matasa suna son haka saboda fuskar waya ta ƙara faɗi. To amma ta yaya wanda ba a nuna masa ba zai san akwai wannan? Babu alama, babu abin da ido zai gani. Ni a ganina wannan na cikin manyan abubuwan da masu ƙera waya suka yi ba tare da sun tuna da irin su Baba ba. Sa'a ɗaya, ba su cire tsohon tsarin ba, yana nan cikin saiti. Mai rumfar ya dawo da maɓallan uku, ya nuna na tsakiya ya ce, "Baba, duk inda ka ɓata, wannan shi ne gida. Danna shi kawai." Baba ya gwada, ya shiga wani wuri da gangan, ya danna, ya fito. Ya sake. Ya ɗago kai ya ce, "To ai shi ke nan, ɗana."

Inda ya fi daɗewa shi ne fuskar farko ta wayar. Ya kwashe komai. Manhajoji sun fi talatin a warwatse kan shafuka, ya bar shafi ɗaya tak. A sama ya sa agogo mai manyan lambobi. A ƙasa, inda yatsa ke kaiwa ba tare da an sake riƙo ba, ya sa kira da WhatsApp da kyamara da tocila. A tsakiya kuma ya jera hotunan mutanen da Baba ya fi kira: Inna, yayana, ni, direban da ke ɗaukar masa kaya, da abokin cinikinsa na Fatakwal. Taɓa hoto ɗaya, kira ya tafi. Baba yana karanta ajami da Larabci sarai, lambobi kuma babu wanda zai cuce shi a kansu, amma boko sai a hankali. Jerin sunaye ɗari biyu da rubutun boko ba hanyarsa ba ce. Fuskar mutum kuwa ba ya mantawa.

Ya ƙara girman rubutu da girman tambura, ya miƙa wa Baba, ya ce ya riƙe a inda ya saba riƙe takarda. Ya ƙara, ya sake tambaya, ya rage kaɗan. Kamar tela da ke auna mutum kafin ya sa almakashi a yadi. Wannan ba sangarta ba ce. Yawancin mutane da zarar sun haura arba'in ganin kusa yana raguwa, saboda ƙwayar ido tana rage laushi. Girman abin da za a taɓa ma yana da ƙa'ida. Kamfanin Google da kansa yana shawartar masu haɗa manhaja da kada abin dannawa ya gaza kimanin milimita 9, kuma tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa duk yadda abu ya ƙanƙance ko ya yi nisa, haka hannu ke ƙara ɓata lokaci kafin ya same shi daidai. Ilimin ya haura shekara saba'in a duniya. Duk da haka za ka ga talla ta rufe fuskar waya, alamar rufe ta kuwa sai ka kanne ido kafin ka hango ta a ƙurya. Wanda ya yi haka ya san ƙa'idar, so yake ka kuskure.

Akwai abin da mai rumfar ya faɗa wanda sai ɗan Jos zai kawo shi. Ya kama yatsan Baba ya duba, ya ce sanyi na zuwa, kuma zanen yatsa zai fara ƙin buɗe waya. Gilashin wayoyin yanzu ba nauyin dannawa yake ji ba, 'yar wutar da ke jikin fatar mutum yake ji. Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, fata ta bushe ta tsattsage, musamman ga mai fita Farin Gada da asuba yana juya buhuna cikin ƙura, sai gilashi ya riƙa jin taɓawar sama-sama, na'urar karanta yatsa kuma ta kasa gane mai ita. Ya yi wa yatsa ɗaya rajista sau biyu, ya ƙara da wani yatsan na ɗaya hannun, ya ce in ta ƙi, Baba ya hura wa yatsan iskar baki ya sake gwadawa. Safar hannu ta ulu kuwa sai an cire. Da sanyin ya zo haka aka yi, kuma dabarar ta yi aiki.

A WhatsApp, saƙon murya shi ne rayuwar Baba yanzu. Matsalar da ya riƙa samu a da ita ce dole ka riƙe alamar makirfo har ka gama magana. Baba kuwa in yana magana hannunsa ma magana yake, sai yatsa ya zame, saƙo ya tafi rabi ko ya goge. Mai rumfar ya koya masa ya danna ya ja sama, ya kulle, ya yi bayaninsa a tsanake sannan ya tura. Sai da suka maimaita har hannun ya riƙe, bai ƙosa ba. Ya kafe mutum uku a saman jerin hira, don uku WhatsApp ya yarda a kafe. Ya hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, saboda guruf-guruf na 'yan kasuwa da na dangi su ne suke cinye data su cika waya. Ya nuna masa cewa in ya kara wayar a kunne yayin da saƙo ke magana, sautin zai koma ta ƙaramar sifika, ba sai duk rumfa ta ji farashin da aka yi masa tayi ba. Wannan Baba ya fi jin daɗinsa fiye da komai.

Sannan ya gyara zama ya ce, "Baba, akwai wata lamba mai alƙaluma shida da za ta iya shigowa wayarka ta saƙo. Ko wa ya kira ya ce ka karanto masa, ko ya ce daga banki yake, ko daga guruf ɗin masallaci, ko ya ce ni ne, kada ka ba shi." Ya kunna matakin tsaro na biyu na WhatsApp, wato lambar sirri da mai waya kaɗai zai sani. Da aka zo sa lambar sirri, ya miƙa wayar ya juya baya gaba ɗaya yana kallon titi har aka gama. Na yaba da wannan ƙwarai. Mutane nawa ne suke karanta wa mai gyara ko mai POS lambar sirrinsu da baki a bainar jama'a, su kuma su karɓa ba ko gezau?

Harkar banki ce inda ikonsa ya tsaya, kuma bai ɓoye ba. Ya ajiye wa Baba gajerun lambobi a cikin jerin kira kamar sunayen mutane. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta haɗe lambobin duk layuka, don haka *310# na duba kuɗin kati ne, *311 na sa kati, *312# na sayen data, *323# na duba ragowar data, ko wane layi kake riƙe da shi. Wannan gyara ne mai kyau da ya kamata a yaba, domin a da kowane kamfani da nasa, mai layi biyu sai ya haddace kashi biyu. Amma tura kuɗi ta irin waɗannan lambobi wani abu ne daban. Jerin zaɓin da Turanci yake zuwa, lambar asusu guda goma ce, kuma kafin dattijo ya gama duba takarda yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, zaman ya katse, sai a faro daga farko. Manhajar bankin da Baba ke amfani da shi ma ba ta fi ba. Idan ka rubuta adadi ba ta sa waƙafi tsakanin sifirai, 50000 da 500000 kusan kamarsu ɗaya a idon da ya gaji. Maɓallin turawa da na sokewa suna manne da juna. Sunan wanda za a tura wa, abin da ya fi komai muhimmanci a shafin, shi aka rubuta da mafi ƙanƙantar rubutu, launin toka a kan fari. A tsakar rana a Farin Gada ba abin da za ka gani. Wannan abin yana ɓata mini rai, domin kuɗin mutane ne, guminsu ne, kuma gyaran ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. Shawarar mai rumfar ita ce Baba ya riƙa duba alat da kansa, ya tura ƙananan kuɗi da kansa, manya kuwa kada ya danna sai wani nasa ya karanta masa sunan da ya fito. Haka muke yi har yanzu.

Ina zaune a bencin wata mata ta zo da mahaifiyarta, tsohuwa sosai, idonta ya yi yana. 'Yar tana so ta saya mata babbar waya cikin na hannu da ke gilashin. Ya tambayi tsohuwar me take yi da waya. Ta ce 'ya'yanta suna kiranta, tana jin rediyo, tana haska ɗaki in an ɗauke wuta. Ya ce, "Hajiya, kada ki ɓata kuɗinki. Ki saya wa Mama mai maɓalli." Ya ɗauko wata Nokia 105 tasa, ya ɗora yatsan tsohuwar a kan lamba 5 ya ce ta shafa. Akwai ɗan tudu a wurin, an yi shi ne don hannu ya gane tsakiya ba sai ido ya gani ba, daga nan ka san 2 tana sama, 8 tana ƙasa. Ya ce za a ɗaura kowane ɗa a kan lamba ɗaya, ta danna ta riƙe, kira ya tafi. Batir ya yi kwanaki, akwai tocila, akwai rediyo. Shi ba ya sayar da irinta, sai ya kwatanta musu wani shago a gaba. Ciniki ya bari ya wuce shi a gabana, kuma wannan ya ƙara sa na yarda da shi.

Adalci ne a ce masu ƙera waya ba duka suka yi biris da mu ba. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne da ke Shenzhen a ƙasar Sin, sun mamaye kasuwarmu ne saboda sun lura da abin da muke buƙata: gurbin layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da ke fito da baƙar fata da kyau. Madannin rubutu na Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, kuma a rumfar nan aka sa mini shi a tawa wayar. Facebook ma yana da Hausa. Wato in an ga dama ana iyawa. Abin da ya rage shi ne wayar da za ta fito daga kwali ta fara tambayar mai ita yadda yake gani da yadda yake karatu, kafin ta tambaye shi adireshin imel da bai taɓa mallaka ba. Yawancin abubuwan da matashin nan ya yi suna cikin wayar tun asali, an dai binne su ne a ƙarƙashin saiti hawa-hawa, inda wanda ya fi buƙatarsu ba zai taɓa kaiwa ba.

Rumfar tana da nata aibin. Jira ne na farko. Tunda ba ya gaggawa da kowa, in ka tarar da mutum biyu a gabanka, ka yi shirin zama. Bencin ɗaya ne, ga ƙura, ga ƙarar masu tallar waƙoƙi da hon ɗin keke, har sai an ɗaga murya kafin dattijo ya ji bayani. Yaron shagon yana da ladabi amma hannunsa na rawa, yana karɓar waya ya latsa nan da can ya miƙo, bai kalli mai ita ba. In maigidan ba ya nan, gara ka dawo. Cajar da na saya a wurin ba ta yi ƙarko ba, don haka kayan haɗi ka nema a wani wuri. Babban abin da nake so ya gyara shi ne ba ya rubuta wa mutum abin da ya canza. Wani jikan Baba ya karɓi wayar yin wasa, ya hargitsa shafin farko, hotuna biyu suka ɓace, babu wanda ya san yadda aka sa su a duk gidan namu. Sai da aka koma. Ya mayar da komai bai karɓi ko sisi ba, ya kuma kulle shafin, amma da akwai 'yar takarda da ba sai an sha hanya daga Anguwar Rogo ba.

Akwai kuma abin da ba laifinsa ba ne amma ya kamata ka sani. Wasu manhajojin da suka zo tare da wayar ba sa goguwa, iyaka a kashe musu sanarwa, kuma wani lokacin in waya ta sabunta kanta sai su farfaɗo. Girman rubutu ma yana da farashi: a wasu manhajoji kalma tana yankewa, ko maɓalli ya nutse ƙasa sai an ja shafin. Android 14 ya ba da damar ninka girman rubutu har sau biyu, amma ba kowane mai haɗa manhaja ne ya gwada tasa a haka ba.

Naira 2,000 mai rumfar ya karɓa a wurinmu, ya ce in wani abu ya rikice a dawo. Ka je da hantsi a tsakiyar mako. Ranar Juma'a kada ka soma, hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suna cushewa tun kafin azahar, shi ma yana rufewa da wuri. Ka tafi da wayar a cike da caji, da tabarau in mai ita yana sawa, da hotunan mutanen da za a jera a fuskar farko. Kuma ka tafi da mai wayar da kansa. Na ga wani ya zo da wayar mahaifiyarsa a leda ya ce a saita ya dawo ya karɓa, mai rumfar ya ba shi haƙuri ya ce ya je ya zo da Mama gobe.